Hula Ta Goma Sha Biyar

"Karanta da kanki, kada a ce ni na ƙirƙira."

Kade ya turo wayarsa gaban farantin Tegan yana wani murmushin mugunta. Maƙwabcinsu ne, gonar dankalinsa na jikin ta babanta, kuma shekara biyu kenan yana zuwa cin abincin ranar Lahadi ba wanda ya gayyace shi. Kowa ya san ba don naman yake zuwa ba.

Ta duba.

Hoton Brodie ne, Brodie ɗinta, saurayinta. Ƙungiyar bezbol, wasan buga ƙwallo da sanda, da yake yi wa wasa a Meziko ta sallame shi, wata kuma a Turai ta miƙo masa takardar ɗaukarsa...

"Hula ta goma sha biyar kenan," in ji Baba, yana yankan naman rago, ko ɗagowa bai yi ba.

Gaskiyarsa. Kowace ƙungiya da hularta, goma sha huɗu ne rataye a ɗakin mahaifiyar Brodie. Shi ba tauraro ba ne, shi ma ya sani. Can ƙarshen fili ake ajiye shi kusa da shinge, in an ɗaga ƙwallo sama ya ruga ya cafke. Ƙafa kam akwai, hannu akwai, bugu ne dai sai a hankali. In ɗan wasan wata ƙungiya ya ji ciwo a kira shi, in ya warke a ce an gode. Nuwamba zuwa Fabrairu yana wasa a gida, Maris na kamawa ya ɗauki jaka, duk inda aka kira can ya nufa.

Ita kuwa wallahi haka take son kayanta.

"Me muka yi da ke, Tegan?"

"Meziko ce ta ƙarshe, Baba."

"In ya ƙara fa?"

"Na... na haƙura da shi."

Da bakinta ta yi wannan alkawarin a watan Maris, har da rantsuwa. Yanzu ga shi kwana biyu wayarsa a kashe. Tsoro ya kama ta sosai.

"Yana jirgi mana," Kade ya ce yana ƙara romo. "Hanyar Turai ai da nisa."

"Kai dai ci ka tashi," in ji Tegan.

Sai kare ya hau haushi.

Ta leƙa ta taga. Tasi ce daga tashar jirgin Ballarat ta juya, ta bar mutum a bakin ƙofar gona cikin yayyafin watan Yuni, lokacin hunturun ƙasarsu, sanyin nan mai shiga har ƙashi. Gajeren wando, riga mai gajeren hannu, silifa, da doguwar jakar sandunan wasa a kafaɗa.

Ba ta san lokacin da ta isa wajen ba.

"Brodie!"

"Zu... zuciyata." Haƙoransa sai haɗuwa suke. "Wai haka garinku yake?"

"Garinmu? A nan fa aka haife ka."

"Na manta ne."

Dariya da kuka suka haɗe mata. Ta kama hannuwansa tana murzawa, sun yi sanyi kamar an ciro su daga firji.

Baba ya ƙaraso a hankali, hannu a aljihu. Ya dube shi daga sama har silifa.

"Takardar Turai fa?"

"Na ce musu na gode, Baba. Makarantar garin nan na neman mai koya wa yara wasa. Da safe kuma ina gona, in za ka karɓe ni."

"Haka ka faɗa bara."

"Haka ne."

"Ina rigar sanyinka?"

Brodie ya sunkuyar da kai. "Ba ni da ita."

"Ka baro ta a jirgi?"

"A'a, ba ni da ita ne sam. In sanyi zai shigo nan na tafi, in zai shigo can na dawo. Shekara goma sha ɗaya rabona da shi... har na sauka ban tuna ba."

Kade ya sheƙe da dariya daga baranda, ya ga shi kaɗai yake yi, ya yi shiru.

Baba ya daɗe yana kallon wannan ƙaton da ke karkarwa a gabansa. Tegan kuwa ta zuba wa Baba ido. Can sai ta ga ya fara ɓalle maɓallan tsohuwar rigarsa ta gona, mai gashin tunkiya a ciki, wadda ko ita ba ya bari ta taɓa. Ya ɗora masa a kafaɗa, ya ja masa wuyan da kyau.

"Saka. Amma ranar da ka sake ɗaukar waccan jakar, a bakin ƙofar nan za ka ajiye min abata."

Brodie ya zura hannuwa ciki, ya jawo Tegan jikinsa ya rufe su duka biyu.

"To ai ka rasa ta kenan, Baba," in ji shi.