Ungulayen Soron Hajjo

"Na ce ba mai kafa tsani ga wanga soro ina raye!" in ji Mainasara, yana huci, ya tokare ƙofar zaure da hannu biyu. "Matata na cikin kulle, sai in sa ido wani ƙato shi hau sama shina leƙa min tsakar gida? Kai, Isa, ɗauki tsaninka ka tahi tun muna shaida juna!"

Hajjo ta durƙusa a gabansa, mayafinta ya zame, hawaye na bin kuncinta. "Baffa, don girman Allah... damina ta kusa. Yaɓe kawai za shi yi. Inna Shatu ta shiga ɗaki ta ɗan jima, kamar yadda kowa ke yi in za a hau soro."

"Kowa! Ke kowa ce? Gidan da ungulu ke yini a kai, yaɓe za shi gyara shi? Je ki gyara abin da ke cikin cikinki tukuna!"

Wayyo Allah! A gaban magini, a gaban masu wucewa, ƙanin uba ya jefi marainiya da maita! Isa magini ya saɓa tsaninsa ya kama hanya. Laifinsa ne? A Bodinga ba a hawa soro sai da yardar maƙwabci, don wanda ke sama yana ganin matan mutane har cikin madafa. Shi kuwa soron Hajjo, katanga ɗaya ta raba shi da gidan Mainasara.

Bari in koma da ku baya kaɗan, don ni ba na son ba da labari rabi da rabi. Hajjo ita kaɗai iyayenta suka bari. Da ubanta ya rasu aka raba gida, aka ja katanga a tsakiya: ita ta sami ɓangaren soro da rijiya da wata ƙatuwar bagaruwa, baffanta Mainasara ya sami ɗaya ɓangaren. Shi kuwa majemi ne, yana kuma tara fatun jajayen awaki yana kai wa kamfanin Turawa a Sakkwato. To majemi me yake so a duniya ban da ruwa da bagaruwa? Tun ranar rabo idonsa ke kan wannan itace, kamar ya haɗiye shi. Mijin Hajjo, Mode, mutumin Shagari, yana cikin waɗanda aka ɗiba aikin tilas na haƙar kuza, sanyin can ya kama masa ƙirji, sai rigarsa aka kawo. Tana fita takaba uwar mijin, Goggo Balaraba, ta zo ta ɗauki 'yarsu Altine yaye. Da kyakkyawar fuska ta ce mata, "Ɗiyata, mi za ki zauna yi nan ke ɗaya? Sai da gidan ki taho Shagari, ki zauna kusa da ni da ɗiyarki." Hajjo ta nemi izinin mai unguwa, ta gaya wa dillali. Mainasara ya aiko da wani tayi wanda ko ƙyauren zaure ba zai saya ba, ta ce Baffa ya yi haƙuri. Ba a yi mako ba ungulu ta fari ta sauka a kan soro...

Kafin wata ya mutu sun zama garke. Su jeru a kan rawanin soro, wuyansu a tanƙware, kamar tsofaffi a wurin zaman makoki. Ba su sauka gidan kowa a unguwar sai nata! Hajjo ba abin da ba ta yi ba don gidan ya shiga ran mai saye. Ta jiƙa makuba ta yi daɓe da hannunta har tafinta ya yi kanta, ta shafe ɗakuna da farar ƙasa, ta share tsakar gida har sai ka ji kunyar taka shi, ta sa aka yashe rijiya, ta sai da ɗan kunnenta ta sayi sabon guga, ta shimfiɗa tabarma mai zane a zaure, ta dasa lalle a bakin magudana. Duk ranar da dillali ya ce ga mai dubawa nan tafe, ta dama fura ta sa turaren wuta. Mutum zai shigo yana murmushi, ya ƙwanƙwasa azara ya ji ba gara, ya ɗanɗana ruwan rijiya ya ce madalla... sai ya ɗaga kai. Shi ke nan! Wani falke daga Mandera ko takalminsa bai tsaya sawa daidai ba. Wani tela har ya kai ludayi baki, da ya ga abin da ke sama ya ajiye, ya ce azumi yake yi. Azumi, bayan ni da idona na gan shi yana tauna goro a bakin kasuwa!

Sai magana ta fara yawo. A bakin rijiyar unguwa aka ce ungulu ba ta zama banza, akwai abin da take jin warinsa. Wata ta ce to wa ya ci uwar Hajjo, wa ya ci ubanta, wa ya bi Mode har ƙasar kuza? In ta fito, mata su janye 'ya'yansu kada inuwarta ta taɓa su. Mai kawo mata gero ta daina zuwa. Ita ma Hajjo zuciyarta ta cika da zargi: ko dillali ne ya haɗa baki da wani? Ko maƙwabciyar baya ce ta binne mata wani abu? Ta tone gindin murhu, ta tone bakin ƙofa, ba ta ga komai ba. Wani lokaci da tsakar rana, in gari ya yi tsit, sai ta ji "tim!" a kan soro, ta fito a guje, ba kowa sai rana. In wari ya taso, ta ce na jimar Baffa ne iska ta kawo. Har ta kai tana zama ta dafa cikinta tana kuka, tana cewa, "Ya Rabbi, in da wani abu gare ni wanda ban sani ba, ka raba ni da shi, kada ka bar ni in cuci ɗiyata..."

Ana cikin haka tasar Shatu ta ɓata. Shatu ita ce matar Mainasara, tasar kuwa ta jan ƙarfe ce, ta gadon uwarta, mai lanƙwasa a baki. Shatu ta birkice gida tana nema, Mainasara ya ce, "Mi kike nema? Wadda ta sai da ɗan kunne, tasa za ta bari?" Ya shigo da mutane aka zazzage kayan Hajjo a tsakar gida, har da 'yar rigar Altine da take ajiyewa ƙarƙashin matashi. Ba a ga tasa ba, amma suna ya riga ya fita: mayya, kuma ɓarauniya.

Da abin ya ishe ta, ta ɗaura ɗan ƙunshin ƙuli-ƙuli ta taka da ƙafa har Shagari, ko ta ga 'yarta ta ji sanyi. Goggo Balaraba ta tare ta a zaure, ko ruwa ba ta ba ta ba.

"Labarinki ya riga ki isowa, Hajjo."

"Goggo, wallahi ƙarya aka yi min. Bari in gan ta ko daga nesa."

"Ɗana ya tahi, wagga ɗiya ita ɗai ta rage min. In gidanki lahiya yake, mi ya hana a saye shi? Ranar da Musulmi ya saye shi ya kwana ciki, ki zo. Kahin nan kada in ga ƙafarki."

Daga cikin gida Hajjo ta jiyo muryar Altine tana dariya, tana kiran kaji. Ta miƙa ƙuli-ƙulin, Goggo ta sa sanda ta ture shi cikin kwata. Haka ta juyo, hanya na rawa a idonta, tana tafe tana faɗin "Hasbunallahu", ƙafafunta duk ƙaya. Washegarin dawowarta ne ta kira Isa magini, ta ce ko soron ya sha sabon yaɓe a dace, aka yi wannan rigima da na fara ba ku.

To, Allah ba ya barci. Ranar wata kasuwar Bodinga dillali ya kawo wani dattijo mai neman gida, mai suna Bawa, daga Shagari. Tare da shi sai ga Goggo Balaraba, wai ta zo suna a unguwar, ta ce bari ta ga abin da idonta. Ba ta ko zauna kan tabarma ba. Suna tsaye a tsakar gida, ungulaye na kallonsu, Bawa yana shafa gemu yana kallon bagaruwa yana kallon sama, ga alama yana neman yadda zai ce sai an jima. Sai hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, kafin a ce wani abu ruwan fari ya kece kamar da bakin ƙwarya! Suka ruga zaure. Bawa ya leƙa ya ce, "Ikon Allah, ruwa haka, amma indararon wanga soro ko ɗigo ba ya yi?" Bai rufe baki ba suka ji wata ƙara, rugugum! Sai ihu daga gidan Mainasara: "Fatuna! Jama'a, fatuna!"

Ashe indararo a toshe yake, ruwa ya taru a kan soro ya zama tafki, rawanin da aka hana yi wa yaɓe ya jiƙa ya ɓalle, kuma bai tashi ɓallewa ba sai ta ɓangaren Mainasara, daidai kan rumfar da ya jibge fatun da zai kai Sakkwato! Unguwa ta cika gidan, har mai unguwa da malafarsa, an manta da wani kulle. Me za a gani? Laka, ruwa, da tulin ƙazanta: wutsiyoyin awaki, kunnuwa, kofato, guntayen fata da ragowar nama da ake kankarewa, wasu sun bushe wasu sun ruɓe, wari kamar ya kashe mutum.

Mainasara ya nuna Hajjo da yatsa. "Kun gani! Kun ga abin da mayya ke ci a sama!"

"Mayyar da ke cin wutsiyar akuya?" in ji Bawa. "Malam, ni ma majemi ne. Wanga yankan wuƙar jima ne. Wa ke jima a unguwar nan?"

Sai ga wani abu yana ƙyalli cikin laka. Shatu ta sunkuya ta zaro shi, ta goge da gefen zane... tasar jan ƙarfe, da lanƙwasarta a baki! Ta dubi tasa, ta dubi mijinta, ta dubi Hajjo da ke tsaye ruwa na zuba a kanta.

"Mainasara! Ba ita ce nake ganin kana tara yanke-yanke ciki kana zagayawa bayan rumfa ba? Ka ce min rami kake kaiwa! Ashe sama kake watsawa, ta kuɓuce maka ta bi su? Ka bar ni ina zagin marainiya, ina tofa mata yawu, kan tasar da ka san inda take? Allah shi isa tsakanina da kai!"

Goggo Balaraba ta yar da sandarta ta rungume Hajjo, tana kuka kamar ƙaramar yarinya. "Ɗiyata, yahe min! Na kore ki da ƙishirwa, na zubar da ƙuli-ƙulinki... wayyo ni Balaraba, mi zan ce wa Mode gobe kiyama?" Ashe da Altine ta zo, ta ɓoye ta a gidan suna. Aka ruga aka ɗauko ta. Yarinya ta maƙale a zanen kakarta, tana kallon Hajjo kamar baƙuwa. Hajjo ta durƙusa cikin laka, ta buɗe hannu, ta ce: "Tine... Tinena, ni ce fa..." Yarinya ta matso a hankali, ta sa hanci a wuyanta ta shinshina, sai ta ƙanƙame ta ta ce, "Inna!" Wallahi ranar har mai unguwa sai da ya juya baya yana gyara malafa.

Maganar ta kai gaban hakimi. Aka sa Mainasara ya kwashe ƙazantar nan a kansa da rana tsaka, ya bi ta kasuwa da ita, ya kuma gyara soron da ya hana a taɓa. Fatunsa kuwa malamin da ke tantance fata ya duba ya ce ko ɗaya ba za ta shiga Sakkwato ba, suka ruɓe masa a rumfa. Shatu ta ɗauki tasarta ta tafi gidansu. Su kuwa ungulaye, tunda abincinsu ya koma ƙetaren katanga, sai suka bi shi, suka jeru a kan zauren Mainasara, har yau in an ga mutum da mugun baƙo a unguwar sai a tuna da shi.

Ranar da aka shafa fatihar cinikin, a zauren Hajjo aka taru, Altine na kan cinyarta, kayan Hajjo a ɗaure za ta bi Goggo Shagari. Mai unguwa ya sa aka kira Mainasara ya nemi gafara a gaban jama'a. Ya shigo ya rame, ya faɗi maganar a ciki-ciki kamar mai ciwon haƙori.

Hajjo ta share hawaye ta ce, "Na yahe maka, Baffa. Kai ɗai ka rage min a dangin ubana."

Bawa, sabon mai gida, ya yi gyaran murya. "To maƙwabci, ga ni na zo. Ramukan jimata gindin bagaruwa zan haƙa su, kusa da rijiya. In kana son 'ya'yan bagaruwar ka aiko, ba ni hana maƙwabci. Abu ɗaya dai: gobe zan hau soro in duba aikinka... ko akwai matar da za a ce ta shiga ɗaki?"

Zaure ya kwashe da dariya. Mainasara ya miƙe, ya dubi bagaruwa ta ƙofar ciki, ya dubi Hajjo da 'yarta. Ya tattara rigarsa ya fice, ya ja ƙyauren zaure ya buga, garam!