Gwangwani Goma Sha Biyu

Sau uku Nazira ta karanta ƙananan rubutun da ke bayan gwangwanin, sau ukun kuma bai canza ba.

Porc. Alade.

A kwandon sharar kicin ta tsince shi da hantsi, an kwashe abin cikinsa tas. Babu hoton dabba a jikinsa, sai burodi da wani gidan gona. Ba don aikinta na kantin magani ya sabar mata da karanta bayan kowane kwali ba, da ta zubar da shi ta wuce.

"Goggo! Goggo Dela!"

Ƙanwar mahaifinta ta leƙo daga ɗaki da carbi a hannu. Ita ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifiyar Nazira.

"Ke lafiya? Da azumi a bakinki kike wannan ihu?"

"Wa ya ci wannan?"

"Au, na cikin kayan azumin angonki? Yaya Alhaji mana. Jiya da shan ruwa kina wajen aiki ya shafa a burodi. Har cewa ya yi yaron ya iya zaɓe."

Nazira ta dafa bango.

"Sauran fa?"

"Na raba. Guda goma sha biyu ne, ɗaya namu, sauran na sa a kason maƙwabta da dangi. To, da ɓoyewa zan yi? Kayan azumin saurayi ai rabawa ake, kowa ya san 'yarmu ta samu miji na nunawa."

"Goggo... naman alade ne."

Carbin ya faɗi ƙasa.

Da ta kira angon nata, Taufiƙ, bugu biyu ya ɗauka. Tana jin kukan shanu a bayansa, yana can kasuwar Banyo inda yake yi wa kawunsa fataucin dabbobi.

"Rabin raina! Kayan sun iso? Kin ga madarar da kike so, har..."

"Taufiƙ."

Tunda suke ba ta taɓa kiran sunansa ba tare da Yaya ba.

"Alade ka aiko gidanmu?"

"Me?"

"Alade! Gidan Alhaji Idrisa mahauci! Ya ci, Taufiƙ, ya ci da bakinsa na azumi!"

"Innalillahi... Nazira, wallahi naman sa na ce. Na gwangwani, irin mai jan kwali. Ta waya aka saya a babban kantin nan na kan titi, su suka kai. Ni ban ma ga kayan ba."

"Ba ka gani ba."

"Ina Banyo, zumata, ya za a yi in gani?"

"Kada ka ƙara ce min zuma! Kayan azumin da za su shiga gidan surukanka karon farko, ba ka gani ba, ba ka taɓa ba, ka danna waya kawai?"

"Ki saurare ni mana. Su masu kantin haka suke, in abu ya ƙare sai su sa wani a madadinsa. Laifinsu ne. Zan..."

"Sati biyu bayan Salla aka sa ranarmu. Ka tuna?"

"Ta yaya zan manta, Nazirata?"

"To ka kamo hanya."

Ta kashe.

Rana tana dukan unguwar Poumpoumré ta Garoua kamar da gayya. Nazira ta zura hijabi, ta ɗauki leda, ta shiga gida gida. A kowace ƙofa sai ta yi sallama, ta gaisa, a tambaye ta ya azumi, ya shirye-shiryen biki, sannan ta buɗe baki ta roƙi a dawo mata da kyautar da aka bayar jiya. Tun tana cewa ya lalace ne, har wata 'yar sakandare ta karɓi gwangwanin daga hannun uwarta ta karanta da ƙarfi.

Tara ta samu a rufe. Biyu an riga an buɗe.

Kafin azahar labari ya isa layin mahauta.

Alhaji Idrisa ya dawo gida da wuri, abin da bai taɓa yi ba cikin azumi. Bai yi faɗa ba. Ya zauna a tabarma a inuwar dalbejiya, ya cire hula ya ajiye a gwiwa. Nazira ta durƙusa daga nesa.

"Baba, malamai sun ce wanda bai sani ba babu laifi a kansa..."

"Na san abin da malamai suka ce, Uwata."

Ya daɗe yana kallon hannuwansa.

"Shekara arba'in da ɗaya ina riƙe da wuƙa. Ban taɓa cin naman da ban san wanda ya yanka ba. Ko a gidan biki, shinkafa nake ci in ture naman gefe, kowa ya sani. Jiya na ce, wannan yaro shi zai karɓi 'yata, bari in girmama shi in ci nasa."

"Baba..."

"Yau wani ya tsaya gaban teburina yana tambaya, na sa ne ko na surukai. Aka yi dariya."

Hawaye ya zubo mata, ba na tausayi kaɗai ba. Ji take kamar ta fasa wani abu.

"Ki ce masa ya zo da ƙafarsa," in ji Alhaji. "Ba wakili, ba waya. Ya faɗa min yadda aka yi. In maganarsa ba ta zauna min ba, Dela ta haɗa musu kayansu."

Washegari da safe Nazira ta hau babur zuwa kantin. Ta wuce masu gadi, ta wuce layin sabulai, ta juye ledar gwangwanayen a kan teburin da ake haɗa kayan masu saye ta waya. Ɗaya ya gangara ƙasa.

"Wa ya haɗa wannan?"

Matar da ke wajen ta ɗago. Élisabeth, haka aka rubuta a ƙirjin rigarta. Da Faransanci suka yi maganar.

"Sannu madam, wane adireshi?"

"Gidan Alhaji Idrisa, Poumpoumré. Alhaji! Kin ji sunan? Ba ku da ido ne, ko ba ku da imani? An ce naman sa, ku kuka ga dama kuka sa alade!"

Mutane sun fara juyowa. Élisabeth ba ta ɗaga murya ba.

"Ni na haɗa. Kuma na tuna shi, don sai da na tsaya a kansa."

"Kika tsaya, kika sa!"

"Madam, a nan garin aka haife ni, maƙwabtana duk masu salla ne. Naman sa ya ƙare ranar. Na'ura ce take kawo abin da ya fi kusa da shi, ita ba ta san Alhaji ba. Ni na san shi. Shi ya sa ban bar ta ba, na rubuta da hannuna. Zo ki gani."

Ta juyo mata da fuskar kwamfutar. Saƙon yana nan, da ranarsa da lokacinsa: naman sa ya ƙare, wanda ya rage akwai alade a ciki, na ga gidan Musulmi ne, in cire kawai?

Amsar tana ƙasa. A'a, ki sa. Sun saba ci.

Nazira ta kalli lambar da ta amsa. Ba ta Taufiƙ ba ce. Ta kalli ɗan hoton da ke gefe, yarinya da jan gyale tana murmushi.

Sharifa. 'Yar Kawu Mahamat, wanda ya riƙe Taufiƙ tun yana maraya. Sharifar da duk dangi suka ɗauka ita zai aura. Sharifar da ranar sa rana ta rungume ta tana cewa, "Anti Nazira, mun zama ɗaya."

"Zan iya ɗaukar hotonsa?"

"Ɗauki. In babanki yana so, ni da kaina zan zo in faɗa masa."

Nazira ta kwashe gwangwanayenta. Har ta juya, ta dawo.

"Ki yafe min."

"Ba komai. Ni ma da haka zan yi."

Kwana biyu Taufiƙ ya yi a hanya. Ranar Alhamis bayan la'asar ya tsaya a ƙofar gidansu, idanunsa sun faɗa, leɓensa ya bushe. Da ta gan shi sai da zuciyarta ta motsa, ta ji haushin kanta.

"Nazirata... kin rame."

Ta miƙa masa wayar.

Ya karanta. Ya sake karantawa. Ya runtse ido.

"Ita ka ba ta saya," ta ce.

"Babu rezo a daji, waya ba ta kamawa. Na tura mata jerin kayan na ce ta taimaka min. Ƙanwata ce, Nazira."

"Ka ce min laifin kanti ne."

"Haka na zata!"

"Amma ba ka ce min ita ka sa ba. Me ya sa?"

Ya kau da kai.

"To yanzu ka sani. Baba yana zaure. Shiga ka faɗa masa."

"Nazira, ki tsaya. In wannan magana ta fita, Kawu ba zai ƙara ɗaga kai a Garoua ba. Mutumin nan shi ya ciyar da ni, shi ya sa ni makaranta, shanunsa nake juyawa. Ya zan tsaya gaban mutane in ce 'yarsa..."

"Babana fa? Shi kansa a sama yake yanzu?"

"Zan ba shi haƙuri. Zan durƙusa. Ki rufa min asiri, rabin raina, kada ki nuna wa kowa. Don son da kike min."

Ta karɓi wayarta.

"Shi ke nan," ta ce. "Ba zan nuna ba."

Daga bayan labulen zauren ta tsaya, wayar a damƙe a hannunta. Tana jin ya cire takalmi, ya durƙusa, ya gaisar.

"Tambaya ɗaya ce," in ji Alhaji. "Wa ya zaɓi abin da na ci?"

Nazira ta ƙara matse wayar.

Faɗa masa. Don Allah, faɗa masa, take cewa a ranta.

"Kuskure ne, Baba. Masu kanti ne suka canza..."

"Masu kanti ba su nemi 'yata ba. Na ce wa ya zaɓa?"

"Ni... ni ne da alhaki. Ban duba ba."

"Ba ka duba ba. Yau gwangwani ne. Gobe 'yata ce a gidanka, kana Banyo, ba ka duba ba." Alhaji ya mayar da hularsa. "Idonka yana gaya min akwai saura. Akwai?"

Nazira ta matso jikin labulen.

"Babu, Baba."

"To Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Gobe Dela za ta kawo muku kayanku. Ina nan har a kira salla, in ka tuna wani abu."

A waje ya tare ta.

"Kina tsaye a wajen! Na ga ƙafarki a ƙarƙashin labule! Me ya sa ba ki fito ba?"

"In yi me?"

"Ki nuna masa mana! Kina ji yana rusa aurenmu kika yi shiru?"

"Kai ka ce kada in nuna."

"Na faɗa, amma na ɗauka... na ɗauka in abin ya kai haka za ki fito. In daga wajenki ya fito, Kawu ba zai ga laifina ba, kowa ya san ranki a ɓace yake. Da an wuce wajen, da..."

Dariya ta ƙwace mata, marar daɗi.

"Wato ni zan faɗa, ni zan zama wadda ta tona asirin gidanku tun kafin in shiga. Kai kuma ka fita fes, ɗan kirkin Kawu."

"Ba haka nake nufi ba, zuma..."

"Kayan azumi, aike. Gaskiya ma, aike za ka yi?"

"Nazira, ina son ki. Wallahi ina son ki."

"Na sani. Ni ma haka, shi ya sa nake jin kamar in mutu." Ta goge ido da bakin hijabi, ta nuna masa ƙofar zauren. "Ga shi can zaune. Taku biyar ne. Da bakinka, Taufiƙ. In ka shiga, ni zan bi bayanka in durƙusa tare da kai har ya haƙura."

Ya kalli ƙofar. Ya ɗaga ƙafa.

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya zaro. Daga inda take tana ganin sunan, Kawu.

Ta yi ta ƙara. Yana kallon wayar, yana kallon zauren, yana kallonta.

"Minti ɗaya," ya ce a hankali. Ya juya mata baya, ya kara a kunne. "Na'am, Kawu... a'a, babu komai, lafiya lau..."

Nazira ba ta jira ƙarshen maganar ba.

Ta shiga gida. Goggo Dela tana bakin murhu tana juya ƙosai, ta ɗago tana neman labari a fuskarta.

"Goggo, ina makullin akwatunan lefen?"

"Tun yanzu? Ai gobe Yaya ya ce."

"Yau. Kafin a sha ruwa nake so su bar ɗakina."