Jinin Da Aka Kira Basir

Batula tana tsugunne a tsakar gidansu na Barkiya tana wanke kayan mijinta, sai ta sake ganin jini a wandonsa. Ta ɗauraye hannu ta shiga ɗaki. Nu'uman yana kwance, mutumin da a da rana ba ta fito masa a gida da damina.

Auren so suka yi. Tun tana kai fura kasuwar Kurfi yake tare ta a hanya ya saye ƙwaryar duka, ya rasa yadda zai yi da ita, ya raba wa masu wucewa. Shi manomin gero da dawa ne, kuma duk cikinsu ba wanda ya gama firamare.

"Yaya, abin nan fa bai tsaya ba," ta ce a hankali.

Ya kau da kai ya ce basir ne, kowa na yin sa. Ya haɗa ta da Allah kada ta bari wani ya ji, don wuri ne da namiji ba ya buɗe wa kowa. Saboda son da take masa ta yi shiru. Ya yi ta shan jiƙon da masu lasifika ke sayarwa a kasuwar Dutsin-Ma, har wata damina ta zagayo. Tuwo ya daina shiga, bahaya ya zama azaba, wando ya daina zama a ƙugunsa.

Ranar da ya faɗi a gona, Batula ta karya alkawari, ta gaya wa mahaifiyarsa, Gwaggo. Maimakon godiya sai tsohuwar ta hau ta da faɗa, wai ta tona wa ɗanta asiri. Ta ce uban Nu'uman ma da basir ya yi fama har ya koma ga Allah, ba wanda ya kai shi aka tuɓe shi gaban baƙo.

"In kika fita da shi asibiti, kada ki dawo mini gida."

Batula ta yi kuka har idonta ya kumbura, amma ta sayar da awakinta da karsanar da ta gada. Nu'uman ya ɗauke mata magana, daga baya ciwo ya fi ƙarfin fushi, ya bi ta. A Dutsin-Ma aka tura su babban asibiti a Katsina.

Suna zaune a benci wani dattijo mai ƙiba, Alhaji Sodangi, tsohon ma'aikacin gwamnati daga Dutsin-Ma, ya tambayi abin da ya kawo su. Da ya ji, ya ce ai irin ciwonsa ne. Shi da ya ga jinin, 'yarsa mai karatun jami'a ta duba a waya, ta tasa shi gaba a satin. Aka leƙa hanjin da na'ura, aka yanke abin tun yana ƙarami. Yanzu dubawa kawai yake zuwa. Batula ta kalli kumatunsa, ta ji sanyi a ranta.

Da sakamakon gwaji ya fito, likita ya kira su ofishinsa. Ya ce kansar hanji ce, kuma ta riga ta kai hanta. Da bara suka zo da wata magana ce. Akwai allurar da za ta ƙara masa ɗan lokaci, amma da ya faɗi abin da take ci, Nu'uman ya miƙe ya ce su tafi gida.

A cikin bas ya jingina kansa a kafaɗarta, bai damu da idon mutane ba.

"Batula, ki yafe mini. Na ɗora miki abin da ya fi ƙarfinki."

"Ni ce mai neman gafara, Yaya. Na yi maka biyayya a inda bai kamata ba."

Gwaggo tana ƙofar gida ta ga fuskokinsu, ba ta kori kowa ba, ta zauna a ƙasa. Batula ta yi jinyarsa, ita ce wanki, ita ce juya shi, ita ce ba shi kunu da cokali, har ya cika bayan an gama girbi. Ranar sadakar uku Gwaggo ta riƙe hannunta a gaban mata ta ce, "'Yar nan, kin fi mu son sa." Iyakar ladan da ta gani a duniya ke nan.

Tun a Katsina likita ya ce ciwon yakan bi jini, a kawo 'yan'uwansa a duba su. Da ta fita takaba ta gaya wa ƙanensa Yazid. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya tambaye ta, "Da me za ni, Batula?" 

Ciwo ɗaya ne ya kama attajiri da manomi, sani da abin hannu suka raba su. Wanda duk yake son mutum kada ya taya shi ɓoye cuta, ko da zai yi fushi da shi. Batula ta gane haka, sai dai ta gane ne lokacin da babu wanda za ta ceta.