Ko Ka Ba da Ni, Ko In Ba da Kai

Ƙas!

Har bakin layi Mubina ta jiyo ƙarar, kamar an taka busasshen kara.

Kofin zoɓon da ke hannunta ya suɓuce.

A tsakiyar filin ƙwallon Greenbelt, Misbahu, saurayinta, na birgima a ƙasa, ya damƙe ƙaurinsa da hannu bibbiyu. Wanda ya shigar masa da ƙafa biyu ba kowa ba ne illa Yaya Barau, yayanta uwa ɗaya uba ɗaya. Alƙalin wasa ya busa usur, ya sake busawa. Barau ya miƙe, ya karkaɗe wando, ya dubi jama'a... sannan ya ɗaga takalminsa mai haƙora ya sake take ƙafar, daidai inda ta karye.

"Yaya!!!"

Ta watsar da takalmanta, ta tattare leshin Sallarta ta faɗa filin da gudu. Wasan sada zumunci ne na washegarin ƙaramar Sallah, Hausawan Germantown da na Greenbelt, garuruwa biyu kusa da Washington, mata da yara sun shimfiɗa tabarmi ana cin cincin. Nan take wuri ya hargitse. Wani ya shaƙe wuyan rigar Barau, wani ya kai naushi, kujerar roba ta tashi sama.

Kabir, aminin Barau, yana tsaye yana ƙyalƙyala dariya.

"Ku rabu da shi! Haka suke faɗuwa a Italiya, yanzu zai tashi!"

Ba ta tsaya ba. Tana wucewa ta ɗauke shi da mari, har hularsa ta faɗi.

Ta durƙusa. Ƙashi ya huda safa ya fito, jini na malala cikin ciyawa.

"Misbahu... kalle ni! Kar ka kalli ƙafar, ni za ka kalla!"

Ya buɗe ido da ƙyar.

"Kai... kada ka yi kuka."

Hausar zangon Kumasi ke nan, wadda ba ta raba mace da namiji. Ta sha wahala kafin ta koya masa "ke". Yau azaba ta mayar da shi harshen uwarsa.

"Wa ya ce maka kuka zan yi?" ta ce, tana yage gyalenta tana ɗaure masa cinya.

Ba ta kuwa yi ba.

*

Ƙwallo ce ta haɗa su tun farko. Mubina ce ke gabatar da shirin wasanni a sashen Hausa na wani gidan rediyo a kudu maso yammacin Washington. Mace ɗaya tilo cikin maza, bakinta kuwa kamar reza. Wata rana mai sauraro ya aiko da tambaya daga Maradi: me ya sa 'yan wasan Faransa da na Sifen suka cika Ingila, amma na Italiya sai ɗaiɗai?

Ta amsa kai tsaye.

"Tsoro ne, malam. A Italiya ana shafar mutum zai faɗi, a busa masa usur. A Ingila kuwa sai an ji ƙarar ƙashi. Ɗan Italiya ko ya je, duka ɗaya mai kyau ya isa ya tattara ya koma gindin uwarsa."

Aka yi ta dariya a ofis. Sai wani abokin aikinta ya ce ai akwai wani Bahaushe a Greenbelt da aka haifa a Brescia ta Italiya, iyayensa mutanen Kumasi ne, ya buga wa ƙananan ƙungiyoyi a can, yanzu yana karatun gashin ƙashi yana kuma koya wa yara ƙwallo. Ta ce a kawo shi ta ƙure shi.

Ya zo da hular sanyi da murmushin da ya ba ta haushi.

"Hajiya 'yar rediyo, kin taɓa ganin yadda mai tsaron baya yake yi a Italiya? Ba a tsoron duka a can, iya shi aka yi, ba a bari alƙali ya gani."

"To me ke hana ku zuwa Ingila?"

"Me za mu je nema? Yaro a garinmu in ya kwanta mafarkin Milan yake, ko Turin, ko Rum. Ba ya mafarkin Landan. In ka fita waje, kocin ƙasa ya manta da sunanka. Turanci ba mu iya ba, ba ma kuma jin kunyar haka. Sannan mu ƙwallo lissafi ce, kamar dara. Su kuwa gudu ne, a doka sama a bi."

"Hujjar malalata!"

"Ni kaina an kira ni gwaji a arewacin Ingila. Na je. Ruwa safe, ruwa yamma. An tashi atisaye kowa ya nufi mashaya. Na yi kwanaki a garin nan ba wanda ya ce min, ka ci abinci? Na kira Mamma, ta ji muryata kawai ta ce, dawo."

"Ka gani! Ɗan Mamma!"

"Ba na musu. Wanda ba a so a gidansu shi ke saurin tafiya."

Bayan shiri ta ce sai sun ƙarasa gardamar. Suka ƙarasa a kan shayi. Suka sake ƙarasawa a jirgin ƙasa har tashar ƙarshe. Kafin shekara ta zagayo, wanda ya ce yana gama karatu zai koma Italiya ya fara tambayar kuɗin hayar gida mai ɗaki biyu.

Mahaifinsu ya rasu, aurenta a hannun Barau yake. Ranar da ta faɗa masa zancen Misbahu, ya ajiye cokali.

"Ɗan Italiya? Kin san me ke kai mutanenmu Italiya?"

"Babansa a masana'antar ƙarfe ya yi aiki har ya mutu."

"Uwarsa fa? Kabir ya bincika. Mace ta shekara talatin a Italiya, me take sayarwa?"

"Kabir ɗin da na ƙi sau biyu? Shi ne ɗan bincikenka?"

"Mutumin da ke ce miki kai! Shi zan kai wa dangi a Kano?"

Daga ranar kullum sai an yi. Ta daure, ta ci gaba da zama a gidansa, tana gaishe shi yana kau da kai.

*

An yi wa Misbahu aiki, aka sa masa ƙarfe. Likita ya ce zai taka, amma shi da ƙwallo har abada.

'Yar sanda ta zo bakin gado ta tambayi yadda aka yi.

"Wasa ne," in ji shi.

Mubina ta zaburo. Ya riƙo yatsunta ya matse, har matar ta ajiye katinta ta fita.

"Wasa? Take ka ya yi bayan usur! Mutum nawa suka ɗauka a waya!"

"Yayanki ne, masoyiya."

Wayarsa ta yi ƙara. Mamma ce. Mubina na jiyo kukan tsohuwar, Hausa da Tuwi da Italiyanci duk a cakuɗe. Kalma ɗaya take ta maimaitawa.

"Dawo... dawo..."

Bai ce e ba. Bai kuma ce a'a ba. Ya juya fuska bango.

Ta ɗauki jakarta ta fita, ta hau babbar hanya zuwa Germantown tana gudu kamar za ta tashi sama.

Ta tarar da Barau da Kabir a falo suna kallon ƙwallon Ingila, Anti Hamida matar Barau tana raɓe a ƙofar kicin, idonta ja.

Mubina ta fizge wayar talabijin daga bango.

"Me ya yi maka?"

"Ke! Ni kike yi wa tsawa?"

"Na ce me ya yi maka!"

Kabir ya gyara zama, kuncinsa har yanzu da shatin yatsu.

"Mu fa shawararki muka bi, ƙanwata. Ba ke kika faɗa wa duniya ba? Duka ɗaya mai kyau, ya koma gindin uwarsa. Mun gwada ne mu ga ko kin san aikinki."

Falon ya juya mata. Ta laluba, hannunta ya sauka a kan butar shayi, ta wurga masa. Ya sunkuya, butar ta tarwatsa gilashin kabad.

Tas!

Marin Barau ya kai ta ƙasa. Ta ji gishirin jini a bakinta. Hamida ta ƙwalla ƙara ta riƙe shi, ya hankaɗe ta.

Mubina ta dafa kujera ta miƙe. Ta tofar da jinin a kan kafet ɗinsa.

"Ƙara."

Ya tsaya, hannunsa a sama.

"Ƙara mana, Yaya! Sai in haɗa da fuskata in kai musu."

"Ki kai wa wa?"

Ta ciro katin 'yar sandan ta ɗaga.

"Misbahu ya ce wasa ne, don kunyata. Ni ban ce ba. Hotunan suna wayata. Kai ka san irin aikin da kake yi wa gwamnatin ƙasar nan, ka san ko ƙarar tuƙi ba sa so a takardarka, balle ta karya mutum da gangan."

"Mubina, ki ji tsoron Allah," in ji Hamida cikin kuka. "Yaranmu..."

"Anti, shi ma ɗan wata ne."

Ta matsa har tana jin hucin numfashinsa.

"Ranar Juma'a bayan salla. Ko ka ba da ni, ko in ba da kai."

Ya cafki wuyanta. Yatsunsa suka nutse, idanunta suka firfito, amma ba ta ɗaga hannu ta kare ba, kallonsa kawai take. Idon mahaifinsu ne a fuskarta, shi ma ya sani. Sai ya saki.

Da ya waiga neman Kabir, ƙofa a buɗe take. Tun da aka ambaci 'yan sanda ya sulale.

*

Da Misbahu ya ga wuyanta sai ya yunƙura zai sauko daga gado, ƙarfen ya mayar da shi.

"Wa ya yi miki? Shi ne?"

"Kwanta. Na gama da wannan."

Ta faɗa masa komai, ba ta rage ba.

"Ba haka na so in same ki ba. Da barazana?"

"Ai an gwada lallashi. Ga sakamakonsa nan a ƙafarka."

"Mamma ta ce ƙanena zai zo ya tafi da ni."

Ta gyara gyalenta ta rufe wuyan.

"Ba zan roƙe ka ba, Misbahu. Ban iya ba. In za ka tafi ka faɗa min yanzu, in san a kan me na rasa ɗan'uwana."

"Kina ganin tafiya zan yi?"

"Ku 'yan Italiya ai ba kwa zama."

"A Ingila ba wanda ya kula ko ina raye. Ke kin yage mayafin Sallarki a gaban mutane." Ya miƙa mata wayarsa. "Kira ta. Ke za ki faɗa mata, ni in na ji kukanta ba zan iya ba."

Ta kira, ta kara a kunne.

"Mamma, ina wuni... Mubina ce."

"Kai ne yarinyan?" Muryar ta dishe. "Kai ne ka riƙe min yaro?"

"Ni ce, Mamma. Ba zan sake shi ba. Ke za mu aiko wa takardu ki zo."

Sai tsohuwar ta tambaya:

"Yana ci abinci?"

"Ya ƙi na asibiti."

"To ka je ka dafa mishi. Me kake jira?"

*

Ranar Juma'a tana ɓangaren mata a masallaci, ta jingina da bango, katin na cikin tafinta ya jiƙe da gumi. Ba ta san ko Barau zai zo ba. Hamida ma ba ta sani ba.

Aka idar da salla. Lasifika ta yi ƙara. Liman ya ce akwai ɗaurin aure, ya kira wakilin ango, wani dattijo mutumin Kumasi ya amsa ya nema.

"Waliyyin amarya fa?"

Shiru.

Mata suka fara waigowa suna kallonta. Ta ɗaga kai, ta ƙi sunkuyarwa.

"Waliyyin amarya?"

Sai ga muryar da ta sani tun tana goye, a shaƙe.

"Na bayar."

Bai jira fatiha ba. Ta taga ta hango shi yana ratsa motoci, takalmansa a hannu.

Guɗa ta ɓarke. Mubina ta yayyaga katin ƙanana ta zuba a jaka.

Da la'asar ta ɗauko mijinta. Yana kwance a kujerar baya, ƙafar a miƙe bisa matashi, sandunansa a gaba kusa da ita. Cunkoso ya tsayar da su a hanyar Greenbelt.

"Amarya na tuƙa ango," in ji shi. "A Brescia da an yi shekara ana min dariya."

"Yi shiru, Ɗan Mamma, kar in taka rami."

Wayarta ta yi ƙara. Hamida ce, tana magana ƙasa-ƙasa.

"Yayanki na cikin mota a ƙofar gida tun da ya dawo. Ya ƙi shigowa. Mubina... kuka yake. Ko za ki ce masa wani abu?"

Ta dubi madubi. Misbahu na kallonta, ya ɗaga mata gira alamar ta amince.

Ta shafa wuyanta, inda shatin ya koma baƙi.

"Ba yau ba, Anti. Ki kai masa ruwa, ki bar shi ya yi."

Ta ajiye wayar. Motocin gaba suka motsa, ita ba ta motsa ba. Na baya suka dame ta da ham. Ta kifa goshi a kan sitiyari, kafaɗunta suka fara girgiza, kukan da ta riƙe tun daga filin nan ya ƙwace mata gaba ɗaya.

Misbahu ya miƙo hannu ta tsakanin kujeru ya dafa bayanta.

"Su jira," ya ce. "Duk su jira."