Hanya Ta Tsuke a Wuyan Malam

"Fuu... fuu... fuu..."

Ƙarar ta cika ɗakin hoton kamar zugazugin maƙeri. Tana tsaye gefen gado rungume da takalmansa, ta rasa ma dalilin da ya sa ta riƙe su.

"Mene ne wannan? Zuciyarsa ce?"

"Jini ne ke wucewa ta jijiyar wuyansa," in ji mai hoton. Ta ƙara shafa masa mai mai sanyi, ta goga kan na'urar a ƙarƙashin muƙamuƙinsa. "Malam, banda magana."

"Birki, zauna mana," ya ce duk da haka.

Birki yake kiranta tun ranar da ta fara koyon tuƙi a wurinsa, don ko kaza ta hango daga nesa sai ta taka. Ya girme ta sosai, bai iya daɗin baki ba, amma bai taɓa yi mata tsawa ba. A haka ya shiga ranta.

Komai ya lalace ne ranar da ya zo gaida Baba. Ana cikin gaisawa kofin shayi ya suɓuce daga hannunsa, bakinsa ya karkace, harshensa ya yi nauyi. Kafin a kawo tsumma ya warware garau, kamar ba shi ba.

Ɗan Gwaggo, wanda ya daɗe yana sonta tana zillewa, ya kwashe da dariya.

"Ƙwaya ce, Kawu! Wane ciwo ne ke warkewa kafin shayi ya huce?"

"Kada ya sake tako min gida," in ji Baba.

Ta tsare Malam da tambaya har da hawaye. Amsa ɗaya ya iya ba ta.

"Wallahi ban san abin da ya same ni ba."

Ta ƙi yarda da ɗan Gwaggo, ta kuma kasa ƙaryata idonta. Yau ta je darasin ƙarshe da niyyar sallama, tana kan sitiyari tana neman ta inda za ta fara, sai hannunsa na dama ya faɗi a cinyarsa kamar igiya. Sunanta ma ya kasa fitowa daidai.

Har asibiti ba ta tuna da birki ba.

Yanzu ga ja da shuɗi suna gudana a fuskar na'urar. A wani wuri launukan suka cakuɗe, ƙarar ta koma siririya kamar fito. Mai hoton ta daina motsi, ta leƙa waje ta kira likita.

"Malam, kai mai mota ne, za ka gane," in ji likitan yana nuni da biro. "Wannan ce hanyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa. Nan wurin da ta rabu biyu kitse ya taru, ta tsuke, jini na kutsawa da ƙarfi. Ɓurɓushi kan ɓalle ya je ya toshe can sama, sannan ya wuce. Gargaɗi ne. Na gaba ba lallai ya wuce ba."

"Shanyewar jiki?" Malam ya tambaya.

"Ita muke so mu riga. Tiyata za a yi, kuma ba da jimawa ba."

"Likita..." in ji Birki. "Ba ƙwaya ba ce ke nan?"

"Wace ƙwaya kuma?"

Dariya ta kubce mata. Kafin ta rufe baki ta koma kuka. Ta rasa wanne ya dace.

Da aka bar su su biyu, ta ɗauki hoton da aka buga musu.

"Yanzun nan zan kai wa Baba!"

"Kar ki kai."

"Malam! Wannan ne fa zai wanke ka!"

"Ya wanke ni, ya raba mu. Mashayi yana tuba a karɓe shi, abar ƙaunata. Wannan fa? Kin manta abin da ya kwantar da Mamanki?"

Ba ta manta ba. Shekaru Baba ya yi yana juya Mama a gado, yana ba ta abinci a baki, har Allah ya karɓi abarsa.

Ta fito. In ta ɓoye, sunansa ya ɓaci. In ta nuna, ta miƙa wa Baba hujja da hannunta. Ta zagaya layinsu da motar Malam, ta sake zagayawa kafin ta iya tsayawa.

A falo ta same su, ɗan Gwaggo na matsa wa Baba ƙafa. Ta durƙusa, ta ajiye hoton, ta faɗi duk abin da likita ya ce.

"To ka ji, Kawu!" ɗan Gwaggo ya tafa hannu. "Ai gara ma ƙwayar! Jinya za ta aura!"

Baba bai kalle shi ba. Ya riƙe hoton a juye, ta miƙa hannu ta gyara masa. Ya daɗe yana kallo.

"Auta, wane hannun ne?"

"Na dama, Baba."

"Mamanki ma kofi ta fara yarwa. Har tsokanarta na yi." Ya cire tabarau ya goge. "Ranar nan na ga bakin yaron, gabana ya faɗi. Sai wannan ya ce ƙwaya, na yi maza na kama, don ita ta fi min sauƙin ji."

"Baba, in ka ce in haƙura..."

"Ita ba wanda ya leƙa wuyanta, sai da aikin gama ya gama. Shi an leƙa." Ya janye ƙafarsa daga hannun ɗan Gwaggo. "Sakar min ƙafa. Auta, ɗauko makullin mota."

A asibiti, Malam na ganinsa ya yunƙura zai tashi, Baba ya dafa kafaɗarsa.

"Kwanta, ɗana. Ka bari a buɗe maka hanyar nan, ka zo ka ƙarasa gaisuwar da ka fara."

Ya kuwa ƙarasa ta, da tabo siriri a wuyansa, kofi daram a hannu.

Ranar farko da suka fita bayan aure ita ta ja motar, shi yana gefe riƙe da ledar magungunansa. Ta kalli tabon, ta kalli titi, ta ƙara mai.

"Birki! Amaryata, ga kwana! Taka mana!"

"Malam," ta ce tana murmushi, "likita ya hana ka tayar da hankali."