Dakan Inna

Ranar kasuwar Makarfi Ummulhairi ta tsaya gaban wani saurayi mai sayar da mazarƙwaila, ta tambaye shi garinsu.

"Gu… Gu…"

Kalmar ta maƙale. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ƙarasa masa ba. Ya lalubo iyafis ɗin wayarsa ya sa a kunne ɗaya, ya ɗan saurara, sannan ya ce a hankali, "Gubuchi. Sunana Mu'awiyya."

Da suka saba, ya rubuto mata:

"Haskena, in-ina gare ni tun ina yaro. Idan Inna tana daka, nakan ɗora kowace kalma a kan saukar taɓarya, sai harshena ya saki. Kafin ta rasu bara na ɗauki dakanta a waya. Shi nake saurare."

Ta amsa: "Allah ya jiƙan Inna. Ni ba sauri nake ba, Mu'awiyyana."

Mahaifinta, Malam Ja'afaru na Kudan, ba ya ba da 'ya sai ya ji manemi ya faɗi buƙatarsa da bakinsa. Mu'awiyya ya zo da kawunsa, ya durƙusa a zaure, iyafis a kunne.

"Ni za a zo gaisarwa ana jin waƙa?" in ji Malam.

Mu'awiyya ya cire. Ya buɗe baki, ko kalma ɗaya ta ƙi fita. Malam ya sallame su, da yamma ya fara zancen aurar da ita ga Hamisu, ɗan amininsa.

A makon nan wayar Mu'awiyya ta faɗa ruwa a gonar rake. Saƙo ya zo wa Ummulhairi daga lambar kawu:

"Dakan ya tafi. Yau ji nake kamar yanzu Inna ta rasu. Ki bi maganar Baba."

Ta kai wa mahaifiyarta Hajo saƙon tana kuka. Hajo ta roƙi Malam ya sake ba yaron dama sau ɗaya.

Ranar Juma'a bayan la'asar Mu'awiyya ya dawo, kunne babu komai. Ummulhairi ta jawo turmi har gindin bangon zaure, ta zuba gero.

"Sassauta, 'yar nan," in ji Hajo. "Tsofaffi ba sa daka da gudu."

Ta sassauta. Dim. Dim. Dim.

A zaure Mu'awiyya ya ɗago kai. Hawaye suka zubo masa. "Baba… na zo… neman… auren… Ummulhairi."

"Wa ke mana daka a bakin zaure?" Malam ya tambaya.

Daga ciki Hajo ta ce, "Malam, 'yarka ce. Irin abin da ka hana shi ji ran nan ke nan. Dakan uwarsa da ta rasu yake ji don harshensa ya saki."

Malam ya dubi Mu'awiyya. "Na zalunce ka, ɗana. Ka yafe mini. Na ba ka."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Washegarin tarewa amarya ta tarar da turmin Inna a kife a gindin mangwaro. Ta wanke shi, ta fara daka.

"Na san bai kai nata ba," ta ce.

Ya zauna a bakin ƙofa yana saurare. "Nata… ya raine ni. Naki… zan tsufa… da shi."

Allah ya jiƙan Inna, ya ba su zaman lafiya.