Hoton Malam Bahago Ya Ƙi Tafiya

Da daminar 1999 Batulu ta shiga shagon kwamfutar Jumare da ke Ƙofar Doka, riƙe da ambulan, gefen mayafinta a jiƙe. Jumare ya miƙe da sauri har gwiwarsa ta bugi tebur.

"Sannu da zuwa. Me za a buga?"

"Ba bugawa na zo ba. Yayana Adamu da ke karatu a Malesiya ya buɗe wa danginmu shafi a intanet. Shekara biyar bai ga Baba ba, hotonsa yake so ya ɗora."

Jumare ya sa hoton a sikana, na'urar da ke shigar da hoto cikin kwamfuta. Malam Bahago ne, tsohon magatakardan kotu daga Kwarbai, cikin rawani da babbar riga. Ya fito tangaran a kwamfuta, amma da aka zo turawa sai layin tarho ya katse har sau uku.

"Ya yi nauyi," in ji Jumare. "Sai na rage shi."

Aikin minti goma ne, amma ya ce ta dawo gobe. Goben ma ya ce jibi. Rana ta huɗu ya mayar mata da ambulan ɗinta, da ƴar takarda a ciki:

"Tauraruwata, hoto ya isa Malesiya tun ranar farko. Ganinki ne bai ishe ni ba. Jumare."

Ta amsa a bayan takardar: "Malam Sikana, ai Yaya ya sanar da mu tuni. Ka zo gida ka gaida Baba."

Ɗahiru mai hoto, wanda ya ɗauki ainihin hoton, ya daɗe yana son Batulu. Da ya ji labarin, sai ya riga Jumare isa zauren Malam.

"Ranka ya daɗe, yaron nan cewa ya yi kun yi nauyi, ya rage ku. Ni kuwa sana'ata ƙara wa hoto girma."

Malam ya gyara zama. "Shekara talatin ina aikin kotu, ba wanda ya rage ni. Kada in ga ƙafarsa a gidan nan."

Batulu ta ƙi abinci kwana biyu, in ban da ɗan kilishi a ɓoye. Mahaifiyarta Hajiya Adama ta tari Malam.

"Malam, a kotunku ɓangare ɗaya kawai kuke ji?"

Da labari ya iske Jumare, ya ɓata wuni guda yana tura babban hoton, ya roƙi Adamu ya ɗora duka biyun.

Ranar Asabar bayan azahar Malam ya zo shagon don ya ga hotunan da idonsa, Ɗahiru na biye da shi.

"A fara da cikakken," in ji Ɗahiru.

Hoton ya soma saukowa daga sama, layi-layi. Bayan rabin awa, rawani kaɗai ya bayyana.

"Ina fuskata?" in ji Malam.

"Tana hanya, Baba."

Suka je la'asar suka dawo, an kai gira. Nan layi ya katse.

Jumare ya buɗe ƙaramin. Kafin Malam ya gama goge tabarau, ga shi nan gaba ɗaya, a ƙasa kuma rubutun Adamu: "Wannan ne mahaifina. Furfura ta ƙaru, amma murmushin yana nan. Kullum da safe sai na buɗe na gaishe shi."

Malam ya sake cire tabarau.

"Ɗahiru, da ta taka aka bi, da ɗana ya gama digiri bai ga hancina ba." Ya juya ga Jumare. "Kai kuma, ka turo magabatanka."

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura aure a Kwarbai. Da za a tafi da amarya, Malam ya riƙe hannun ango a bakin zaure.

"Ga ta nan. Ta fi ni taurin kai, sai ka yi haƙuri."

"Ina ji fa, Baba," in ji Batulu daga cikin lulluɓi.

Mata suka kwashe da dariya. Malam ya ɗaga hannu.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ya albarkaci zuri'arku."

Kowa ya shafa, aka ce amin.